Kunkuruna ya ƙi cin komai sai busasshen jatan lande

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ina da kunkurun ruwa, irin mai jan zane a bayan ido. Shekararsa uku a hannuna, yanzu ya ɗan fi tafin hannuna girma. Tun yana ƙarami busasshen jatan lande nake ba shi, wani lokaci in yanka masa tsokar kaza. Da na ji an ce waɗannan ba su isa ba, sai na sayo masa abincin kamfani, na kuma fara jefa masa ganye. Ko kallonsu ba ya yi. In ya kama ƙwaya ɗaya bisa kuskure, tofarwa yake yi. Na taɓa hana shi jatan landen kwana biyu, amma da na ga yadda yake bin hannuna ta jikin gilashi sai tausayi ya kama ni, na ba shi. A ganina lafiyarsa lau. In ƙyale shi da abin da yake so, ko akwai dabarar da zan yi ya riƙa cin abinci mai gina jiki?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abu biyu kika tambaya: ko abin da yake ci yanzu zai riƙe shi, da kuma yadda za a juyo da shi. Na farko amsarsa gajera ce, ba zai riƙe shi ba, ko da kuwa yau kina ganinsa garau. Na biyu kuma akwai dabara, kuma tana yin aiki a kan yawancinsu, sai dai tana da tsari, in aka fara ta daga ƙarshe ana iya cutar da dabbar.

Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne ba a ƙyanƙyashe wannan kunkuru da tsirfa ba. Sabo ne. Shekara uku yana samun abu mai ƙamshi, mai sauƙin kamawa, ba tare da ya wahala ba. Ranar da kika hana shi kwana biyu sannan kika ba shi, ya ƙara koyon wani darasi, cewa in ya daure abin da yake so zai zo. Ba laifi nake ɗora miki ba. Yawancin waɗanda ke kawo mini irin wannan matsala, tun ranar da suka sayi kunkurun aka haɗa musu da gwangwanin jatan landen, ga hoton kunkuru ɓaro-ɓaro a jikinsa. Wa zai yi zargin abin da aka rubuta wa "abincin kunkuru"?

Wane ne wannan kunkuru, kuma me yake ci a daji?

Mai jan zanen nan shi ne masana ke kira Trachemys scripta elegans. Asalinsa daga yankin kogin Misisifi ne a kudancin ƙasar Amurka, inda yake zama a tafkuna da fadamu da ruwa mai tafiya a hankali, mai yawan ciyayi. Yana ƙarami mafarauci ne, yana cin tsutsotsin ruwa, ƙwari, ƙananan katantanwa da 'ya'yan kifi, domin jiki mai saurin girma furotin yake nema. Yana girma cimarsa tana karkata zuwa tsiro, har ya zama babban kunkuru galibin abin da ke cikinsa ganyen ruwa ne da gansakuka, nama kuwa sai in ya samu. Akwai ƙwayoyin halitta a hanjinsa da ke taimaka masa narka ganyen. Wato naki, a shekara uku, ya riga ya kai lokacin da ya kamata ganye ya fara rinjaye a cimarsa.

Amma ko babba ne, in aka ajiye masa nama da ganye, nama zai fara kaiwa baki. A daji nama ba kullum ba ne, don haka halittarsa ita ce in ya gani ya cinye, kuma ya nemi ƙari. Wannan iyon da yake yi yana bin hannunki ba alamar yunwa ba ce. Ko yanzu ya gama ci, in kika sake giftawa zai yi. Ya gane ke ce mai kawowa, shi ke nan. Kuma dabba ce da kan kai shekara 20 zuwa 30, har ta wuce, in ta samu kulawa, saboda haka ɓarnar cima a jikinta sannu a hankali take taruwa, ba ta fitowa fili sai ta yi nisa.

In wani mai karatu yana da wani iri daban, ya lura. Babban kunkurun tudu da ake kira sulkata ciyawa ce abincinsa, nama kuma cuta ne a gare shi. Kififiya mai taushin baya da kunkurun ruwan nan mai naɗe wuyansa gefe kuwa sun fi karkata ga nama har tsufansu. Abin da zan faɗa a ƙasa na mai jan zane ne da danginsa na kusa.

Kafin a ce tsirfa ce

Akwai abu biyu da ba ki ambata ba, kuma su nake fara tambaya kafin in tambayi abinci: zafin ruwan nawa ne, kuma wace irin fitila ce a kansa?

Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa. Daga ruwa da rana yake ara. Narkar da abinci, sha'awar ci, ƙarfin garkuwar jiki, duk da zafi suke tafiya. Ruwan irin naki ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 na ma'aunin Salshiyas, sannan a samu busasshen wuri da zai hau ya fita daga ruwa gaba ɗaya, zafin wurin ya kai digiri 30 zuwa 35. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, cin abinci yakan ja baya sosai. Abin da ke ruɗin mutane shi ne kunkurun da ke jin sanyi ba ya daina ci gaba ɗaya nan take. Yakan bar komai, ya riƙe abin da ya fi so kaɗai. Sai mai shi ya ce ai zaɓe yake yi, alhali sanyi ne ya rage masa ci. Tsoma yatsa a ruwa ba awo ba ne, ki nemi ma'aunin zafi ki auna da safe da kuma dare, domin ruwan da ke da ɗumi da rana yana iya yin sanyi ƙalau da asuba.

Na biyu shi ne hasken da ake kira UVB, wani ɓangare na hasken rana da idonmu ba ya gani. Shi ne yake taɓa fatarsa jikin ya ƙera bitamin D3, kuma in babu D3, duk kalsiyam ɗin da ya ci, wato sinadarin da ke gina ƙashi, wucewa kawai yake yi ta hanji. Gilashin taga yana tare wannan haske, gilashin tanki ma haka, don haka ajiye shi kusa da taga ba ya biyan buƙata. Ko dai ƙwan fitila na musamman mai UVB a saman wurin shan ɗuminsa, awa 10 zuwa 12 a rana, ba tare da gilashi ko roba a tsakani ba, ko kuma rana ta gaske. Ƙwan nan yakan daina fitar da UVB tun yana ci gaba da haske, shi ya sa ake canza shi bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinsa. In rana za ki fitar da shi, a samu inuwar da zai koma da ruwa mai yawa, kuma ki tsaya a wurin. Ƙaramin kwano a tsakiyar rana yana kashe kunkuru cikin ɗan lokaci.

Sannan ki dube shi da kyau. Fatar idonsa ta kumbura, ko yana yawan rufe ido yana goge shi da ƙafa? Akwai kumfa a hancinsa, ko yana buɗe baki yana miƙa wuya? In yana iyo, gefe ɗaya na karkacewa, ko ya kasa nutsewa? Akwai ƙullutu a gefen kansa, daidai inda jan zanen yake? Akwai ƙananan tsakuwa a ƙasan tankin da za su iya shiga bakinsa? Suna haɗiye su, kuma suna toshe hanji. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki bar maganar horo da yunwa, ki kai shi a duba. In kuma mace ce, wato faratan gabanta gajeru ne kuma wutsiyarta ƙarama, ki sani nan gaba za ta iya ɗaukar ƙwai ko babu namiji. A lokacin takan ƙi abinci, ta yi ta kai-kawo tana tono da ƙafafun baya. Wannan ba abinci take nema ba, ƙasa mai laima take nema ta saka ƙwanta.

Abin da jatan lande da tsoka ba za su ba shi ba

Ƙoƙon bayan kunkuru ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a haɗe suke da shi. Dabbar da babban kaso na jikinta ƙashi ne tana buƙatar kalsiyam ya rinjayi sinadarin fosfaras a abincinta, abin da ake so kusan biyu bisa ɗaya. Tsokar kaza, ko ta kowace dabba, akasin haka take: fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam sau da yawa. A daji in ya kama kifi, da ƙaya da hanta da abin da ke cikin hanjin kifin yake haɗiyewa, a nan kalsiyam da bitamin suke. Mu kuma sai mu zaɓo masa tsoka zalla, wadda a idonmu ita ce mai kyau. In jini ya rasa kalsiyam, jiki yakan koma ya kwaso daga ƙashi. Sai ƙoƙon ya yi laushi, gefensa ya lanƙwashe sama, muƙamuƙi ya yi taushi, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki.

Busasshen jatan lande kuwa galibinsa ɓawo ne da furotin. Abin da ya fi damuna da shi rashin bitamin A. Wannan bitamin shi ke kula da lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin ido, hanci, kunne, huhu da ƙoda. In ya yi ƙaranci, fatar takan yi kauri ta bushe, ƙananan hanyoyi su toshe. Daga nan ake samun kumburin ido, ƙurjin kunne mai daskararriyar mugunya, da ciwon huhu mai yawan dawowa. Kunkuru kuma da ido yake neman abinci. In ido ya rufe ya daina ci, in ya daina ci ƙarancin ya ƙaru.

Ba na manta wani da aka kawo mini a cikin bokiti, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. Girmansa kamar naki. Idanunsa biyu sun kumbura sun rufe ruf, kamar an liƙa masa ƙwayar wake a kowane gefe. Da na juya shi na ɗan danna ƙirjinsa da babban yatsa, sai na ji ya lotsa kamar murfin roba. Yarinyar da ke kula da shi tana tsaye tana hawaye, tana cewa ba ta taɓa barinsa da yunwa ba ko sau ɗaya. Kuma gaskiya ta faɗa. Kullum tana ba shi, sai dai abu ɗaya take ba shi. Mun gyara zafi, mun sa fitila, mun yi masa magani, muka riƙa ɗura masa abinci har idon ya buɗe. Ya rayu, ƙoƙon ya yi tauri, amma lanƙwasar da gefensa ya yi tana nan, ba ta miƙewa.

Don Allah kada jin wannan ya sa ki nemo bitamin A ki ɗura masa ko a yi masa allura ba tare da likita ya auna ba. Shi wannan bitamin taruwa yake yi a hanta, in ya yi yawa fata takan saluɓe ta bar jan nama. Ta hanyar abinci ya fi aminci, domin sinadarin da ke cikin karas da kabewa da koren ganye jiki ne ke juya shi gwargwadon buƙata.

Abin da ya kamata ya shiga cikinsa

Ga mai girman naki, ni abin da nake bi shi ne rabi ko fiye ya zama ganye da kayan lambu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu abincin kamfani, ragowar kuma ƙananan halittu da zai ci ɗungurungum. Likitoci sun ɗan bambanta a kan lissafin, amma alƙibla ɗaya ce: yana girma ganye na ƙaruwa, nama na raguwa.

Abincin kamfanin, wato ƙwayoyin nan masu yawo a saman ruwa da ake kira felet, shi ne ke toshe gurbin bitamin da kalsiyam. Akwai sanannu irin su Mazuri da ReptoMin da Zoo Med. Ki duba jikin gwangwanin: na jarirai furotin ɗinsa yakan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, na manya kuma wajen kashi 25. Kada ki sayi babban mazubi don ya daɗe, bitamin ɗin ciki yana lalacewa bayan an buɗe, musamman a wuri mai zafi da laima.

Ganye kuwa, mai duhun kore ake so. Latas mai dogon ganye yana da kyau, amma farin latas mai dunƙulewa kusan ruwa ne zalla. Ganyen karas, ganyen dandeliyon (wani tsiro mai rawayar fure), koren wake, gogaggen karas, kabewa, jan tattasai marar yaji, duk suna shiga. Abin da ya fi duka shi ne tsiron ruwa, domin shi ya yi kama da abin da aka halicce shi a kai: kainuwa, da ƙananan ganyen nan masu rufe saman ruwa kamar an watsa koren gero. Ba sa ruɓewa a tanki, suna nan har ya ga dama. In daga waje kika ɗebo, ki wanke sosai ki ajiye a wani bokiti na kwanaki, saboda maganin feshi da matsattsaku. Alayyafo a riƙa ba shi jefi-jefi, domin yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam ya hana jiki sha. Kabeji ma kada ya zama na kullum. 'Ya'yan itace ɗan ƙanƙane, can ba a rasa ba, in sun yi yawa zawo suke sa shi.

Ɓangaren nama, tsutsar ƙasan nan da ake kira tana ita ce ta farko a wurina, in dai daga ƙasar da ba a zuba wa magani ba ce. Sai gyare, katantanwa da ɓawonta, da ƙananan kifi sukutum. Gyare shi kaɗai kalsiyam ɗinsa kaɗan ne, don haka ki ciyar da shi ganye da karas kwana ɗaya ko biyu kafin ki miƙa, abin da ke cikinsa ya zama riba. Jan kifin adon nan da ake kira golfish kada ya zama abincin yau da gobe, yana da sinadarin da ke rusa bitamin B1. Burodi, madara, cuku, fiya, albasa, da duk abin da aka dafa da gishiri ko mai, ba nasa ba ne. Ki kuma jefa masa farin ƙashin nan mai laushi na wata halittar teku, wanda ake rataya wa tsuntsayen keji, bayan kin kankare tauraren bayansa. Zai riƙa gutsura in jikinsa ya nema.

Yawan abin da za a ba shi, ki ƙiyasta abin da zai cika kansa da a ce kan fanko ne, ban da wuya. Wannan shi ne kason felet ko nama na ci ɗaya. Jariri kullum, mai girman naki kuwa bayan kwana biyu ko uku. Ganye ne kaɗai ake barin masa kullum. In ya ja ƙafafunsa ciki kika ga tsoka na bultsowa ta gefe, abincin ya yi yawa, kuma kitsen nan har hanta yake kaiwa.

Yadda ake karya sabon

Ki fara da awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan kunkuru ido yana yaudara, domin ƙoƙo yana ɓoye rama. Ki sa shi a roba ki ɗora a ƙaramin sikeli mai nuna giram, ki rubuta. Kowane mako, rana ɗaya, ki sake. Wannan lambar ita za ta kwantar miki da hankali ranar da tausayi ya taso. Robar ta zama tasa shi kaɗai, kuma ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika taɓa shi ko ruwansa, domin suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko suna lafiya. Saboda ita ne ma tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da tsawon ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, don yara kan sa su a baki.

Daga nan ki gyara zafi da haske, ki ba shi mako guda a haka ba tare da kin canza abinci ba. Wasu a nan kaɗai matsalar ke warwarewa.

Sannan ki ɗauke jatan landen, kuma ki sanar da duk mutanen gidan. Sau da yawa in aka ce mini dabara ta ƙi aiki, in na bincika sai in tarar akwai wani mai tausayi da ke jefa masa 'yan ƙwayoyi a ɓoye. Ƙwaya uku a rana sun isa su rushe aikin mako biyu. Ki bar shi kwana uku babu komai sai ganye a ruwa. Lafiyayyen kunkuru mai wannan girma yana iya yin makonni bai ci ba, kwana biyun da kika yi masa ko a jikinsa.

Rana ta huɗu, da hantsi, bayan ya hau ya sha ɗumi na awa ɗaya ko biyu, ki ba shi felet. Amma ki yi masa wayo ta hanci, domin jin ƙamshinsa na da ƙarfi. Ki daka jatan landen ya zama gari, ki zuba a kwalba tare da felet ɗin tun kwanaki kafin nan, ki girgiza, ƙamshin ya kama. Ko ki jiƙa ƙwayoyin a ruwan da kika murje jatan landen a ciki har su ɗan yi laushi. Ki jefa huɗu ko biyar, ki ja da baya inda ba ya ganinki. In kina tsaye a kansa, hannunki zai yi ta kallo, ba abincin ba. Bayan minti 15 zuwa 20 ki kwashe abin da ya rage, kada ki musanya masa da komai. Gobe ki sake. In ya kama ya tofar, ci gaba ne, ya ɗanɗana. A cikin ruwa za ki ba shi, domin harshensa ba ya tura abinci kamar namu, da ruwa yake haɗiya. Akwai masu ciyarwa a wata roba daban don tanki ya zauna da tsabta, dabara ce mai kyau, amma ba yanzu ba. Ɗauke shi daga inda ya saba na iya sa ya ƙi ci.

Ganye ya fi felet wuyar karɓuwa, a nan ake buƙatar haƙuri. Abu biyu ke jan hankalinsa, launi da motsi. Yana ganin launi sosai, kuma ja da ruwan lemo da rawaya sun fi fizgarsa. Ki yanka jan tattasai ko karas siriri kamar tana, ki kama da hantsaki ki riƙa wutsil-wutsil da shi a gabansa. Sau da yawa kafin ya yi tunani ya kai cafka. Koren ganye kuma kada ki yayyanka, ki maƙale guda sukutum a gefen tanki da abin shanya, rabinsa a ruwa, ki canza kullum.

Ina da wata macen kunkuru da na karɓa daga hannun wanda ya gaji da ita, ita ma jatan lande kaɗai ta sani. Kullum da safe in maƙale ganyen latas, da yamma in cire shi yadda na sa shi. Har ta mayar da shi wurin fakewa, ta shige ƙarƙashinsa ta leƙo da hanci. Sai da aka kusa mako uku, wata safiya na ɗago ganyen na ga an gutsure gefensa wuri uku, kowane gurbi kamar jinjirin wata. Ban taɓa ganin lokacin da ta yi ba. Bayan wata guda, jijiyar tsakiyar ganyen kaɗai nake tararwa. Sannu ba ta hana zuwa, kuma da kunkuru ake magana.

In duk wannan ya ƙi, akwai abin da kusan bai taɓa ba ni kunya ba. Ki markaɗa dafaffen kifi ko jatan lande da jiƙaƙƙen felet da karas da ganye, ki narka jelatin (garin da ke sa abu mai ruwa ya daskare) marar zaƙi da ɗanɗano a ruwan zafi ki haɗa, ki zuba a faranti ya daskare a firji. Ki yanka ƙanana, ki ajiye na 'yan kwanaki, sauran ki sa a firiza. Karon farko abin da yake so ya fi yawa, kamar kashi uku cikin huɗu. Kowane sabon haɗi ki rage shi ki ƙara ganye. Ba ya iya tsince abin da yake so ya bar saura, kuma harshensa na sabawa da ɗanɗanon ganye bai sani ba. Jatan landen kansa ba haramun ba ne. In ya daidaita, 'yan ƙwayoyi sau ɗaya a mako ba za su cutar ba, amma ki bari sai ya yi wata biyu yana cin sauran.

Inda wannan dabara ta tsaya

Horo da yunwa na lafiyayyen kunkuru ne wanda ya tasa. Ba a yi wa jariri ɗan ƙasa da shekara, ba a yi wa ramamme ko marar lafiya, ba a yi wa wanda aka kawo gida kwanan nan yana cikin firgici. Su waɗannan a ba su abin da za su ci tukuna, gyara ya biyo baya ta hanyar haɗin jelatin. Ko a kan naki, in nauyinsa ya ragu da kashi 10 cikin 100, ko ya cika mako biyu bai sa komai a baki ba alhali zafi daidai yake, ko ya daina hawa shan ɗumi, ki dakata ki kai shi wurin likitan dabbobi da ya saba da masu jan ciki. A duba kashinsa ko akwai tsutsar ciki, a ɗauki hoto a ga ƙarfin ƙashi, a ga ko akwai tsakuwa ko ƙwai.

Akwai kuma waɗanda har abada ba za su zama masu son ganye ba, sai dai su ɗan taɓa. In naki ya karɓi felet mai kyau da haɗin jelatin, yana gutsurar tsiron ruwa lokaci-lokaci, ga zafi ga UVB, ni na gamsu da hakan.

Duk abin da na faɗa a kan bayaninki na gina shi, hannuna bai taɓa kunkurun ba, kuma shekara uku a kan jatan lande da tsoka lokaci ne mai tsawo. Don haka yau ɗin nan, kafin komai, ki ɗauke shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa da gefen ƙoƙon bayansa a hankali. A shekarunsa ya kamata ki ji tauri kamar dutse. In kin ji ya lotsa ko kaɗan, kada ki fara hana shi abinci, ki kai shi a duba tukuna. In ya yi tauri, idanunsa kuma tar, ki auna nauyinsa da zafin ruwan, gobe da safe ki maƙale ganyen farko.